Awa 9 a takarda, awa 15 a jiki

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutun. Tanka yake ja tsakanin Legas da Arewa, kuma ranar Asabar da ta wuce ya turo mini saƙon murya yana ƙyalƙyala dariya: "Yaya, wai da gaske ne a can in kun yi awa tara motar da kanta take mutuwa? Ashe ku hutawa kuke yi ana zuba muku fam." Na saurara sau biyu, ina zaune a falo ƙafafuna cikin ruwan ɗumi. Ban ba shi amsa a lokacin ba, don maganar ta fi ƙarfin saƙon minti ɗaya. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk ɗan gida da ya ji ina tuƙin tirela a Ingila, abin da yake fara cewa ke nan, wai ku ai doka ta hana a wahalar da ku.

To, motar ba ta mutuwa. Abin da ke akwai wata 'yar na'ura ce a saman gilashin gaba, girmanta bai wuce rediyon mota ba, ana ce mata takogiraf. Kowane direba yana da katinsa mai hotonsa. In ka shiga da asuba ka zura shi, daga wannan minti duk motsin taya a rubuce yake. Alamomi huɗu gare ta: sitiyari, wato kana tuƙi, guduma biyu a giciye, wato kana wani aikin da ba tuƙi ba, kamar duba mota ko ɗaure kaya, wani ɗan akwati mai layi a karkace, wato kana zaman jira, sai kuma gado, wato hutu. Rayuwata tun 2016 a tsakanin waɗannan hotuna huɗu take.

Dokar kanta ta Tarayyar Turai ce, mai lamba 561 ta shekarar 2006, kuma da Birtaniya ta fice daga tarayyar ba ta yar da ita ba. Tuƙi awa 9 a rana, sau biyu a mako kana iya kai wa 10. In ka yi awa 4 da rabi a kan sitiyari dole ka huta minti 45, ko ka raba shi, 15 da farko sannan 30, ba a juya su. A mako kada ka wuce awa 56, a mako biyu a jere kada ka wuce 90. Sai hutun ƙarshen mako na awa 45. Wannan shi ne abin da ƙanena ya ji, kuma duk gaskiya ne. Abin da bai ji ba shi ne, awa taran nan ta jujjuyawar taya ce kawai. Tsawon yinin aikin da kansa ta wata hanyar ake auna shi. Doka ta ce a cikin awa 24 daga lokacin da ka fara aiki, dole ka samu hutun awa 11 a jere. Cire 11 daga 24, saura 13. Sannan ta ƙara da cewa sau uku tsakanin hutun mako da hutun mako ana iya rage hutun nan zuwa awa 9. Cire 9 daga 24, saura 15.

Shi ya sa in direbobi biyu suka haɗu a bakin injin shayi a gareji, ba wanda ke tambayar ɗan'uwansa awa nawa zai tuƙa. Tambayar ita ce, yau sha uku ce ko sha biyar?

Waɗanda suka rubuta dokar, a fahimtata, sun sa sha biyar ɗin ne don ranar da abu ya ɓaci: haɗari ya tare hanya, ko jirgin ruwa ya makara, ko taya ta fashe. Amma mai tsara hanya da ke zaune a ofis gaban kwamfuta ba haka yake kallonta ba. Shi a wurinsa sha biyar uku da kake da su a mako kaya ne da kamfani ya riga ya saya, in bai yi amfani da su ba ya yi asara. Sau da yawa Litinin, Talata, Laraba zai jera maka su, ya cinye su tas, ranar Alhamis kuma in abu ya ɓaci da gaske ba ka da abin da za ka taɓa.

Bari in ba ku yini guda. Ina zaune a birnin Lesta da ke tsakiyar Ingila, garejin da nake yawan ɗaukar mota yana kusa da babbar hanyar M1, tafiyar minti 40 daga gidana a 'yar ƙaramar motata. Ƙarfe 4 na asuba ake ce mini in fara. Na daɗe ina zaton huɗun nan don a riga cunkoso ne, sai wani tsohon direba ɗan Poland ya buɗe mini ido. Akwai wata dokar dabam ta lokutan aiki, wadda ta ce daga 12 na dare zuwa 4 na asuba shi ne dare ga mai jan kaya, kuma duk wanda aikinsa ya taɓa wannan tsakanin, aikin bai kamata ya wuce awa 10 ba, sai in akwai yarjejeniya da ma'aikata. In ka zura kati huɗu saura minti biyar, ka yi aikin dare. In ka zura huɗu daidai, a ido na doka rana ka fara, ko da taurari na sama. Sai ka ga mu shida ko bakwai zaune cikin motoci, injin a kashe, kowa riƙe da kati yana kallon agogo kamar masu jiran kiran sallar shan ruwa.

Minti 15 na farko na duba mota ne: taya, fitilu, igiyoyin iskar birki, ƙugiyar da ke riƙe bodi da kai. Daga nan in kama hanyar A14 in nufi gabas, wajen tashar jiragen ruwa ta Felixstowe, kusan awa uku. Motar a ɗaure take, ba ta wuce mil 56 a awa, kilomita 90 ke nan, ko ka miƙe tsaye a kan totur. Tuƙin ba shi ne wahalar ba, titi sumul, kujera mai iska a ƙasa, ga na'urar ɗumama ɗaki. Wahalar tana farawa ne a ƙofar sito.

Manyan sitocin nan in ka isa, za a ba ka lambar ƙofa, ka ja baya ka manna bodi, ka kashe mota, ka kai makulli ga wani taga a karɓe, don kada ka ja mota alhali mutane na ciki suna sauke kaya. Wasu wuraren ba sa ma barinka ka zauna a cikin motarka, wadda ke da gado a bayan kujera. Sai ɗakin jira: kujerun roba a jere, fitila mai hasken asibiti, talabijin ba murya, injin shayi da yake haɗiye kuɗi. An ce maka awa ɗaya. Awa biyu ta wuce, uku ta kama. Ba ka aiki, ba ka kuma hutawa, kunnenka yana wajen lasifika ko za a kira lambarka. Wannan zaman, in an sa shi a kan ɗan akwatin nan na jira, ba ya shiga lissafin awa 48 da doka ta ce kada matsakaicin aikin mako ya wuce, ko awa 60 da ta ce ita ce ƙarshe. Ta haka ne mutum zai yi awa 65 ko fiye a mako ba ya gidansa, takarda kuma ta nuna bai kai 48 ba.

Akwai ma wata dabarar da ta fi wannan. Doka ta yarda a raba hutun yini gida biyu, awa 3 a jere da farko, sannan awa 9. Wanda ya yi haka ba a lissafa shi cikin ukun nan na ragi. Ke nan in ka zauna awa uku a ɗakin jiran nan ka danna gado, ranar ta zama sha biyar kyauta, kuma gobe ma ana iya maimaitawa. A ƙa'ida hutu shi ne lokacin da kake da ikon yin abin da ka ga dama da shi. Mutumin da makullinsa ke hannun wani, yana zaune a kujerar roba yana jiran a kira lamba 42, ban san ta inda ya zama mai iko da lokacinsa ba. Amma za a bugo maka waya daga ofis cikin murya mai daɗi, a ce aboki, ka sa ta a kan gado ko? Na sha sawa. Ba zan yi ƙarya ba.

Yanzu ga lissafin awa taran hutu. Na zare kati ƙarfe 7 na yamma, daga nan agogon hutu ya fara. Kafin in miƙa takardu, in sami motata, in iso gida, takwas saura kwata ta yi. Wanka, abinci, salla, in ga yara kafin su kwanta, uwargida ta gaya mini abin da makaranta ta rubuto. In na yi sauri tara da rabi ina kan gado, kuma ba a kashe mutum kamar fitila, sai ka yi ta ganin farin layin titi yana tahowa a cikin idonka. Uku saura kwata agogo ya buga. Awa biyar, in Allah ya taimaka. A watan Yuni abin ya fi muni, domin rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara da rabi, lisha ta kusa sha ɗaya, asuba kuma tun kafin uku ta shigo. Na'urar nan ta rubuta gado na awa 9 cif, ba ta san hanyar gida ba, ba ta san lisha ba.

Ni dai a hanyar Kano zuwa Legas na tashi. Karen mota na fara, ina ɗan shekara 18, a ƙarƙashin wani maigida, Allah ya jiƙansa, mai jan tsohuwar Daf. Da rani tumatir muke ɗauka daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mil 12. Tumatir ba ya jira, kowace awa da ka ƙara a hanya kwandunan ƙasa ruwa suke zama, kuma masu kaya sun yi alkawarin ihsani in an riski kasuwar safe. Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, mu haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan. Sama da kilomita dubu, direba ɗaya. Aikina na rana shi ne weji da jak da duba ruwa. Aikina na dare shi ne baki. "Kai yaro, ba ni labari," haka zai ce. In labari ya ƙare in ƙirƙiro, in ya gane ƙarya ce ya zage ni, zagin ma yana wartsakar da shi. Ga goro a aljihun gaba, ga shayi mai kauri da aka zuba wa Nescafe a Tegina. Shi iyakarsa ke nan. Wasu abokan aikinsa kuwa ƙwaya suke haɗiya, idanu jajur, kuma mun wuce gawar motocin wasunsu a cikin rami, kwanduna a warwatse, titi ya yi ja kamar an yi yanka.

Amma akwai abin da maigidan nan yake yi wanda sai yanzu nake ganin girmansa. In ya ji kansa ya fara nauyi, ba ya shawara da kowa. Zai gangara gefe inda ya ga wasu motoci sun tsaya, ya ce in sa weji, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, ya ce, "In an yi awa ɗaya ka tashe ni, ko da ruwa ne." Masu tumatir da ke saman kaya su yi ta ƙorafi, ya ce musu barci ba a cin bashinsa, in suna sauri ga hanya nan. Ba takarda, ba na'ura, ba wanda ya ƙirga masa komai. A duk shekarun da na yi a wannan hanya, har na zama direba da kaina, an tsayar da ni ba adadi, an tambaye ni lasin, an tambayi takardun mota, an tambayi na goro. Ba a taɓa tambayata yaushe rabona da barci ba. Rayuwar mutanen da ke gabanmu a titi ta rataya ne a kan halin direba, in an dace da irin maigidana an tsira, in an haɗu da mai jan ido sai addu'a.

Abin da ya same ni a nan Ingila, ranar Alhamis ce a watan Nuwamba, shekaru uku da suka wuce. Na riga na yi sha biyar uku a jere. Ranar na fara huɗu kamar kullum, na sauke kaya a gabas bayan zaman jira na awa uku da wani abu, na ɗauki wani lodin, na juyo yamma a kan A14. Wajen ƙarfe biyu na rana, yayyafi na sauka, abin share gilashi na kai da kawowa, ɗakin mota da ɗumi. Tuƙin da na yi duka bai wuce awa biyar da 'yan mintoci ba, hutuna na minti 45 na yi shi cikakke. Ina tuna na ga allon da ke nuna Kettering. Abu na gaba da na sani shi ne gurnani, wannan layin gefen titi mai tudu-tudu da aka yi don ya sa taya kuka. Na buɗe ido na ga tayoyin hagu sun bar layi, ƙarfen kariya yana gab da madubi. Tan 44 nake ja. Na dawo da ita a hankali, hannuna na rawa, bakina na ta innalillahi ban ma san ina yi ba. Daƙiƙa biyu ce ko uku, Allah kaɗai ya sani.

Na shiga wurin tsayawa na farko da na samu, na kashe mota, na bugo ofis. Yaron da ya ɗauka, sa'ar ɗan yayata ne, ya duba kwamfutarsa ya ce ai kana da sauran kusan awa huɗu ta tuƙi a katinka. Na ce kati yana da su, ni ba ni da su. Ya yi shiru, sai ya ce zaman da ka yi da safe fa, in a kan gado ka sa shi, kana da har bakwai na yamma, ka ɗan huta ka kai lodin ƙarshe. Na ce ban sa ba, kuma ko na sa ba zan kai ba. Na ja labule na kwanta minti 40, na tashi na wanke fuska da ruwan buta, na yi la'asar a gefen taya a kan kwali, na mayar da motar gareji biyar saura minti goma da lodin a cikinta. Ba wanda ya yi mini faɗa, Bature ba ya haka. Kawai dai mako mai zuwa kamfanin dillancin da ke tura ni aiki bai kira ni ba sai ranar Laraba.

Da jami'an DVSA sun tare ni a ranar, su da ke duba manyan motoci a kan hanya, da sun zare katin nan sun karanta sun ba ni abina da godiya. Ba kuskure ko na minti ɗaya a ciki. Wannan ne ya daɗe yana damuna.

Kada kuma in ɗora wa ofis laifin duka. Da awa ake biyanmu, kuma ni da bakina na sha roƙon a ba ni dogon yini. Ga haya, ga kuɗin makarantar 'ya'yan marigayi wanmu a gida, ga ginin da na fara a Kano shekara shida ya ƙi kai linta. Duk awa biyun da ke tsakanin sha uku da sha biyar, in an canza ta zuwa naira, buhunan siminti ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnati ma da abin ya matse ta a 2021, lokacin da direbobi suka yi ƙaranci har kantuna suka fara zama wayam, daga baya gidajen mai suka yi layi, abin da ta fara yi a watan Yuli shi ne sassauta dokar na ɗan lokaci, awa 10 ɗin nan ta sau biyu a mako ta zama 11. Mutanen da suka rage a kan sitiyari, waɗanda suka riga suka gaji, su aka ƙara wa.

Duk da haka in aka ce in zaɓa, ba zan yar da katin ba. Da na fara aiki kallon ɗan leƙen asiri nake yi masa, yanzu shi ne kaɗai abin da nake iya ɗagawa in nuna wa mai kaya. Tun watan Maris na 2018 jami'an nan suna iya komawa baya kwana 28 a cikin katinka, su ci ka tarar da ta kai fam 300 a kan kowane laifi, har laifi biyar, fam 1,500 ke nan daga aljihunka, kamfani kuma lasisinsa na jigila yana iya shiga matsala. Saboda haka in na ce lokacina ya ƙare, magana ta ƙare, ko manaja ba ya ja. A gida wa zai ce wa Alhaji mai mota lokacina ya ƙare? Kafin ka rufe baki an miƙa makullin ga yaronka. Abin da na koya kawai shi ne in riƙa faɗar ta tun kati bai faɗa ba. Yanzu sha biyar biyu nake karɓa a mako, ba a jere ba, ta ukun na ajiye ta don ranar da hanya ta toshe. Zaman kujerar roba kuma na daina kiransa gado. Kuɗin ya ragu, ginin yana nan inda yake.

Daga ƙarshe dai na ba ƙanena amsa, amma ba ta saƙo ba. Shekaranjiya uku da kwata na dare ina hanyar gareji sai ga kiransa, na amsa ta lasifikar mota. A can huɗu da kwata ce, tunda yanzu sanyi ne suna gabanmu da awa guda. Ya ce ya baro Mokwa, yaron motarsa ya yi barci ya bar shi, tun shekaranjiya da rana rabonsa da kwanciya, akwai motoci uku a bayansa na kamfani ɗaya kuma ba ya so su riga shi sauke mai. Muryarsa a shaƙe, yana jan kalmomi. Na ce ya sami inda motoci suka tsaya ya gangara. Ya ce, "Yaya, nan daji ne, ba a tsayawa, sai na kai gari. Ba ni labari kawai." Na ba shi labarin ɗakin jira da injin shayi mai haɗiye kuɗi, da ɗan Poland, da mu bakwai riƙe da kati muna kallon agogo. Ya yi dariya har da tari. Ina shiga ƙofar gareji ya ce ga fitilun gari nan ya hango. Na ce ya rantse zai tsaya, ya rantse. Huɗu saura minti shida, na hau mota na zauna da kati a hannu.